Daga Ƙasan Teku zuwa Gurbin Kogin Wudil: Lacca a kan Kifin Takobi da Injin Naɗi



Iyayenmu sarakunan ruwa, Allah ya ƙara muku lafiya. Malamai, ɗalibai, da 'yan'uwa masunta da kuka ɗaure kwale-kwalenku a bakin gada kuka zo, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Kifin da zan fara magana a kansa ba ya cikin kogin nan namu. Ba ya Tiga, ba ya Challawa, kuma ko ranar Juma'a kasuwa ta cika maƙil ba za ku gan shi a tire ko a kwandon banda ba. Kifin teku ne, teku ma can tsakiyarta inda ba a hango tudu. Na ɗauko labarinsa ne saboda abin da ya same shi cikin shekaru sittin ɗin nan ya taɓa abin da ke damun masuncin Wudil kai tsaye, kuma mutanen can sun rubuta nasu labarin da alƙaluma, don haka ana iya bin sawunsa daki-daki.

Ana ce masa kifin takobi. Muƙamuƙinsa na sama ne ya miƙe ya yi faɗi ya yi kaifi, har ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikinsa. Idan ya girma ba shi da haƙori, ba shi da ɓawon jiki irin na karfasa. Yakan faɗa cikin garken ƙananan kifaye ya yi ta sara hagu da dama, sannan ya juyo ya haɗiye waɗanda suka jikkata. Matan sun fi mazan girma nesa. A shekarar 1953 wani Ba'amurke mai suna Lou Marron ya kama guda a gaɓar Iquique ta ƙasar Cile mai nauyin kilo 536, da sandar fatsa da ƙarfin damtsensa, kuma har yau ba a karya wannan tarihin ba. Ƙarfin halinsa kuwa, a 1967 wani kifin takobi ya kai wa ƙaramin jirgin binciken ƙarƙashin teku mai suna Alvin hari a zurfin kusan mita 600, takobinsa ya maƙale a jikin jirgin, aka taso da shi sama tare.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a halittarsa shi ne yadda yake raba dare da rana. Da dare yana hawowa kusa da saman ruwa yana kiwo. Gari na wayewa sai ya nutsa, mita 500, mita 600, wani lokaci fiye, zuwa inda hasken rana ya kusa ƙarewa, ga sanyi, ga nauyin ruwa da ya ninka na iskar da ke kanmu sau hamsin. Yawancin kifaye idan suka shiga irin wannan sanyin ganinsu yakan yi rauni. Shi kuwa Allah ya yi masa wata tsoka a bayan ido wadda aikinta dumama ido da ƙwaƙwalwa, ta ɗaga zafinsu sama da na ruwan da ke kewaye da digiri goma ko fiye. Wani masani Francis Carey ne ya bayyana wannan a 1982. Saboda haka a cikin duhun nan shi yana gani garau, abin da yake farauta kuwa ba ya ganin zuwansa. Ku riƙe wannan: tsawon zamani, wunin kifin takobi nasa ne. Ɗan'adam ba shi da hannun da zai kai can.

A da, da zago mutane suke kama shi. A mashigin Messina, tsakanin Italiya da tsibirin Sisili, har yau akwai jirage masu dogon turke a tsakiya. Mutum ya hau can ƙololuwa yana duba ruwa, in ya hango wanda ya taso shan rana sai a bi shi a caka. Mai zago yana zaɓe. Babba yake nema, kuma guda yake ɗauka a lokaci ɗaya.

Daga shekarun 1960 aka koma mamari. Irin namu ne, sai dai nasu igiya guda tana kai kilomita hamsin, da ƙugiya dubu ko fiye, kowacce da abinci a maƙale. A shimfiɗa da yamma, a ɗebe da safe, wato daidai lokacin da kifin ya hawo kiwo. Mamari ba ya tambayar shekaru. A arewacin Tekun Atlantika, matsakaicin nauyin kifin da ake saukewa ya faɗo daga kusan kilo 120 a farkon shekarun 1960 zuwa kusan kilo 40 a tsakiyar shekarun 1990. Macen da ba ta wuce kilo 40 ba galibi ba ta taɓa zuba ƙwai ba. Duk masuncin da ke zauren nan ya san ma'anar wannan ba sai an yi masa lissafi ba, domin ya ga yadda giwan ruwan da ake kawowa bakin gada ya riƙa ƙanƙancewa a idonsa.

Sai mutanen Atlantika suka tsaya suka yi wa kansu faɗa. A 1998 manyan masu dafa abinci a Amurka suka shiga wani gangami na daina sayar da wannan kifin a gidajen cin abincinsu. A 1999 hukumar ICCAT, wadda ke kula da tuna da danginsa a Atlantika, mai hedikwata a Madrid, wadda Nijeriya ma tana cikinta, ta tsara shirin shekara goma na farfaɗo da shi. Aka rage adadin da kowace ƙasa za ta kama. Aka riƙe dokar cewa wanda bai kai kilo 25 ba a bar shi. A 2001 Amurka ta rufe ruwan gabashin Fulorida ga masu mamari gaba ɗaya, saboda nan ne ƙananan suke tasowa. Masu jiragen mamari sun ji jiki, wasu sun bar sana'ar, ba zan ɓoye muku ba. Amma zuwa 2009 aka tabbatar kifin ya dawo.

A cikin wannan tsakanin ne wata sabuwar dabara ta fito. Wani likita ɗan Benezuwela, Ruben Jaen, ya riga ya gwada jefa ƙugiya ƙasan teku da rana tsaka. A 2003 wasu masunta a garin Islamorada na Fulorida, Richard Stanczyk da Vic Gaspeny da abokansu, suka ɗauki dabarar suka yi ta gyara ta har ta zauna. Bari in kwatanta muku yadda ake yi, don aiki ne na gwaninta kuma na san masu sana'a za su ji daɗinsa.

Jirgi zai fita inda na'urar auna zurfi ta nuna ƙasa tana mita 450 zuwa 550. Igiyar siririya ce ƙwarai, saƙaƙƙiya, ba ta miƙewa, don in ta yi kauri igiyar ruwa za ta ja ta ta yi baka. A ƙarshenta akwai doguwar tsarkiya ta roba, da ƙugiya guda, da ƙaramar fitila mai walƙiya, da dalma mai nauyin kilo huɗu ko biyar. Abincin ƙugiyar, ko tsokar cikin kifi ko wata halittar teku mai hannuwa goma, da allura da zare ake ɗinke shi, saboda kifin sara yake fara kaiwa kafin ya haɗiya, in ba a ɗinke ba sarar farko za ta tafi da shi. Ruwan wurin kuma gudu yake yi, don haka matuƙi yana riƙe da jirgi yana fuskantar igiyar ruwa duk tsawon lokacin, ana sakin igiya fiye da zurfin wurin sosai kafin dalma ta taɓa ƙasa. Daga nan sai kallo. Kifin da ya fi bijimi nauyi zai kai sara a can ƙasa, abin da za a gani a sama ɗan girgizar kan sanda ne kawai, wanda baƙo ba zai lura da shi ba.

To ina injin ya shigo? Ku ɗauka rijiya ce mai gaba ɗari uku, guga cike, kuma dole ka jawo shi duk bayan ɗan lokaci don kawai ka duba ko abincin yana nan. Hannu zai yi sau ɗaya, sau biyu, ya gaji. Injin naɗi mai aiki da batir shi ya ɗauke wannan wahalar. Ka danna maɓalli ya naɗe igiyar cikin 'yan mintuna, yana nuna maka mita nawa suka rage. Kamfanoni irin su Lindgren-Pitman na Fulorida da Daiwa da Shimano na Japan suna ƙera shi, kuma mai kyau a cikinsu dubban daloli ne. Idan kifi ya kamu, injin yana ja yana saki daidai ƙarfin da aka saita masa, ana iya shafe sa'o'i ana fama, sai ya iso gefen jirgi a sa masa zago. Ƙungiyar IGFA mai ajiye tarihin manyan kamu ba ta karɓar kifin da inji ya jawo.

Ra'ayina a kan wannan injin, ban ƙi shi ba. Ƙugiya guda ce a zurfin da kunkurun teku da tsuntsaye ba kasafai suke zuwa ba. In aka gwada da mamarin kilomita hamsin, ko da kallin nan mai yawo a teku wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana manyansa tun ƙarshen 1992, wannan hanya ce mai tsabta. Amma a faɗi gaskiya, ya buɗe ɗakin ƙarshe da kifin yake shiga ya rufe. Da dare mamari, da rana inji. Abin da ya sa kifin bai ƙare ba shi ne injin ya tarar da doka a tsaye. Mai kamun nishaɗi a Amurka kifi guda aka yarje masa a fita ɗaya, jirginsa kada ya wuce huɗu, sai ya kai tsawon da aka ƙayyade, kuma dole ya kai rahoton abin da ya kama. Da injin ne ya riga dokar zuwa, da wani labarin nake ba ku yau.

Yanzu mu dawo gida, inda maganar ta fi mini nauyi.

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin su iso mana, su ratsa ƙarƙashin gadar nan, su nufi Ringim da Haɗejiya, su haɗu da ruwan Jama'are a wajen Gashuwa, su gangara Tafkin Chadi. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974, a aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, wannan kogi na damina ne. Ruwa ya zo da ƙarfi ya malale fadamu, rani ya yi ya janye ya bar yashi da gurabu. Kifinmu a kan wannan tsarin aka halicce shi. Tarwaɗa tana jiran ruwan farko ya hau ciyawa ta bi shi ta zuba ƙwai. Bargi yana gina sheƙarsa a cikin ciyawar da ruwa ya rufe, yauni ma haka. 'Ya'yan su yi ƙiba a fadama, ruwa na janyewa su biyo shi. Gaiwa ta shige laka ta yi kwanan rani. Sauran kuwa, manyan ragon ruwa da giwan ruwa da kurungu, gurbi mai zurfi suke taruwa su jira damina.

Gurbin nan shi ne mita 500 ɗinmu. Kuma iyayenmu sun gane haka tun kafin a kafa wata hukuma a Madrid. A ƙasar Hausa gurbi yana da mai shi. Sarkin ruwa ne yake cewa an rufe, kuma ba mai jefa koma sai ranar da ya ce an buɗe, a taru a yi su gaba ɗaya. Wani zai ce tsoron iskokin ruwa ne ya tsare wasu guraban. Ko ma mene ne ya tsare su, kifin da ya kwana a ciki shi ya haifi na baɗi. Argungu ta nuna wa duniya wannan. A bikin kamun kifinta da aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, mutane suna kallon gora da homa da giwan ruwa mai kilo 78 da aka ciro a 2020. Ni abin da nake kallo shi ne watannin da Matan Fada, ruwan da ake kamun a cikinsa, take a rufe. Rufewar ce ta haifi wannan kifin.

Me ya same mu? Abu biyu ne suka zo kusan tare. Na farko ruwa ya canza hali. Tiga, sannan madatsar Challawa a Ƙaraye a 1992, suka riƙe ruwan damina suna sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Alherin da ke ciki ba mai musu: shinkafar Kura, tumatirin Kadawa, ruwan shan birnin Kano, da kifin da ake kamawa a cikin tafkunan kansu. Amma ambaliyar da kifi ke haihuwa a cikinta ta ragu, kuma ruwan da ba ya ƙafewa ya ba kacalla damar toshe hanyoyi a ƙasan Haɗejiya da Nguru. Ku ƙara da dagwalon masana'antun fata da ke gangarowa daga Challawa da Sharaɗa, da yashin da ake haƙa ba ƙaƙƙautawa.

Na biyu kayan aiki suka canza. Da, mutum da hannunsa yake saƙa kalli, ya san wahalar kowane ido, zaren yana ruɓewa, kifi yana ganinsa. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji mutanen da. Kallin roba na yanzu kifi ba ya ganinsa, yana da araha, ba ya ruɓewa, in ya tsinke ya ɓace a ruwa ma bai daina kamu ba. Sai ido ya riƙa tsukewa, daga mai shan yatsa huɗu zuwa uku zuwa biyu. Sai gurar Mali da dumba suka tare hanyoyin da kifi ke bi. Sai gidan sauron da aka raba don kare yaranmu daga zazzaɓi ya koma taru, yana kwashe abin da bai kai ɗan yatsa ba. Sai wanda ya rasa tsoron Allah ya zuba maganin ƙwari Gamalin a gurbi, ya kashe babba da ƙarami, ya kai wa mutane guba kasuwa. Ba mu da injin dubban daloli, amma mun kai inda suka kai: babu sauran wurin da kifi zai shiga ya rufe. Bambancin kawai, namu kayan sun iso a daidai lokacin da maganar sarkin ruwa take raguwa da nauyi.

Ba na ɗora laifin a kan masunci. Mutumin da ya kwana a ruwa ya fito da abin da bai kai kuɗin cefane ba, in ka ce masa ya buɗa ido, ka ce masa iyalinsa su kwana da yunwa a wannan makon. Kuma ya san in shi ya bari, na gabansa ba zai bari ba. Shi ya sa wannan ba gyaran mutum ɗaya ba ne. Doka ma akwai ta. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, ban da 'yan keɓantattun kamu. Takarda ce mai kyau, sai dai takarda ba ta shiga kwale-kwale. A tafkin Kainji, a shekarun 1990, wani shiri na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya yi ƙoƙarin hana tarun da ke kwashe ƙananan kifi, kuma abin da ya ba shi ƙafa shi ne shigo da sarakuna da sarakunan ruwa cikin ba da lasisi da sa ido. Jami'i daga birni yana zuwa sau ɗaya a wata. Sarkin ruwa ya san wanda ya fita da asuba da irin kallin da ya ɗauka.

Ɗalibai, musamman na jami'ar kimiyya da fasaha da ke garin nan mai ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ku nake so ku ji wannan sashen. Nijeriya tana da gaɓar teku mai kusan kilomita 850, da ikon ruwa har mil 200 cikin teku, kuma kifin takobi yana ratsa Mashigin Gini. Masu kwale-kwale a Gana da Kwaddibuwa suna kama shi, manyan jiragen Sifaniya da Japan da Taiwan suna yawo a Atlantika dominsa da tuna. Mu kuwa kifin da muke samarwa bai kai rabin wanda muke buƙata ba, sauran daskararre ne daga waje. Ba abin da zai hana ɗan Wudil ya je cibiyar binciken teku ta Legas ya zama gwani a wannan fage, kuma zan yi murna in na ga haka. Amma akwai aikin da ya fi kusa da ku. Mutanen Atlantika sun iya cewa daga kilo 120 zuwa kilo 40 ne saboda wani ya tsaya a bakin ruwa da sikeli da littafi, shekara da shekaru. Wannan aikin ba ya buƙatar dala. Katako mai awo, da sikeli, da littafi, da ɗalibi biyu a mashayar da ake sauke kifi kowace safiya: wane iri, tsawon nawa, da ƙwai ko babu, da wane kaya aka kama. Shekara uku na irin wannan rubutun za su ba sarkin ruwa abin da zai ajiye a gaban hakimi da ma'aikatar gona.

Ƙaramar na'urar auna zurfi kuma, irin wadda suke neman kifin takobi da ita, yanzu ta yi arahar da sashe guda na jami'a zai iya saye. Ita ma za ta iso kogin nan ko mun so ko ba mu so ba. Ina roƙon ta fara isowa a hannun masu auna gurabu tare da dattawan da suka san sunan kowane gurbi, a zana taswirarsu daga mahaɗar kogunan zuwa iyakar Jigawa, a zaɓi biyu ko uku a rufe su rufewa ta gaskiya, da sanin hakimi da yardar masunta, a sa ranar buɗewa kowa ya sani. A haɗa da hana kamu na 'yan makonni a farkon damina lokacin da tarwaɗa ke hawa, kuma a nema wa masunta abin riƙewa a waɗannan makonnin, ko kiwon kifi a kududdufi ko bashi marar ruwa daga ƙungiyarsu. In ba a yi wannan ba, hanin ba zai kwana biyu ba.

Sai hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are, mai riƙe da makullin Tiga da Challawa. Masana sun daɗe suna kiran a riƙa sakin ruwa a damina ta yadda zai kwaikwayi ambaliyar da, gwargwadon da ba zai cinye gonaki da gidaje ba. Idan ana zaman rabon ruwa, manomin rani yana da kujera, hukumar ruwan sha tana da kujera. Ina kira ga ƙungiyoyin masuntan Wudil da Ringim da Haɗejiya da su rubuta takarda guda, da sa hannun sarakunan ruwansu, su nemi tasu kujerar kafin damina mai zuwa.

Iyayenmu sarakunan ruwa, na san akwai abin da za ku ƙara a kan maganar gurabu, kuma filin naku ne yanzu.